Kwarin Hanifa: Darasin da Ke Jiran Ɗalibanmu a Riyad

Wanda jirgi ya sauke a filin jirgin sama na Sarki Khalid, arewa da birnin Riyad, abu na farko da idonsa zai sha shi ne faɗin ƙasa busasshiya, ja-ja, ba tudu mai ciyawa ba rafi, sai tituna da suka tsaga ta suka nufi wani birni mai mutane wajen miliyan 7. Ruwan saman da ke sauka a nan a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, wato Kano kan sami ninkin wannan sau bakwai ko takwas a damina guda. Da bazara zafi kan haura digiri 43. Duk da haka, a wannan gari ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na 16 kan yaƙi da kwararowar hamada, daga 2 zuwa 13 ga Disamba 2024, kuma tun daga nan sunan Riyad ya shiga bakin masu nazarin muhalli. Ra'ayina shi ne, jami'ar da ta kwashi ɗalibanta na fannin ƙasa, ruwa ko gandun daji daga Kano, Sakkwato ko Maraɗi ta kai su Riyad ba ta yi asarar kuɗi ba, amma da sharaɗi: a kai su kwarin da ke ratsa yammacin birnin, su bi shi daga kai har gindi, su koyi jerin yadda aka gyara shi, su kuma ga kurakuran da mutanen ƙasar suka tafka da idonsu. Dogayen benaye da manyan kantuna ba su da abin da za su koya wa mai neman ceto rafin garinsu.

Sunan kwarin Wadi Hanifa, daga ƙabilar Banu Hanifa da ta zauna a gaɓarsa tun kafin zuwan Musulunci. Tsawonsa wajen kilomita 120 ne, ya taso daga arewa maso yamma, inda ruwan tsaunin Tuwaik ke gangarowa, ya miƙa kudu maso gabas har ya ɓace cikin rairayi. Tafiyar karatu ya kamata ta fara daga Dir'iyya, tsohon garin da aka kafa a 1446, wanda ya zama hedkwatar daular Saudiyya ta farko a 1727, kafin rundunar Ibrahim Pasha ta rusa shi a 1818. Unguwar Ɗuraif, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2010, tana kan tudu tana kallon kwarin. Ɗalibin da ya taso a Zariya ko Katsina ba zai ji baƙunta a nan ba: bangon laka ne mai kauri a ƙasa yana sirancewa sama, da 'yan tagogi masu kusurwa uku da ke shigo da iska su hana rana, rufin kuma gungumen itace ne da zarban dabino aka shimfiɗa aka dabe da ƙasa. Abin lura shi ne inda aka ajiye kowane abu. Gidaje na kan tudu, gonakin dabino da rijiyoyi na ƙasa kusa da magudanar ruwa, tsakiyar kwarin kuma an bar wa ambaliya hanyarta. Mutanen da sun san ruwa ba ya zuwa sai jefi-jefi, in kuma ya zo yakan zo da ƙarfi, don haka suka zauna da shi bisa ƙa'idarsa.

Kuɗin fetur ne ya rushe wannan zaman lafiya. Daga shekarun 1970 birnin ya riƙa kumbura, aka mai da kwarin wurin fasa dutse da haƙar ƙasar gini, ramukan da aka bari kuma aka cika su da ɓaraguzai da shara. Aka bi ta cikinsa da bututai da igiyoyin lantarki, masu gonaki suka ci iyakar hanyar ruwa da katanga. Sai kuma wani abin mamaki ya biyo baya. Da rijiyoyi suka kasa ɗaukar birnin, gwamnati ta koma tace gishiri daga ruwan teku a Jubail, tana turo shi ta bututu mai nisan fiye da kilomita 400. Wannan ruwa da aka sayo da tsada, bayan an yi wanka da ban ruwan lambuna da shi, ga yoyon bututai da na rijiyoyin masai, sai ya riƙa tsumewa ƙarƙashin birnin har ya taso yana cin harsashin gine-gine. Dole aka yi magudanai aka karkata shi cikin kwarin. Ta haka ne kwarin da ke bushe mafi yawan shekara ya koma yana gudu rani da damina, amma da ruwa mai wari da ƙazanta. Wannan shi ne darasi na farko, kuma ba a fahimtarsa sosai a aji: duk ruwan da birni ya shigo da shi sai ya nemi mafita, kuma mafitar ita ce wuri mafi ƙasa a garin, inda galibi talaka ke noma da kiwo.

Gyaran ya kankama ne a 2001, lokacin da hukumar raya birnin Riyad ta ɗauko kamfanin Moriyama & Teshima na Kanada da Buro Happold na Ingila don su zana tsari guda na kwarin baki ɗaya. Abin da nake so ɗalibi ya rubuta a littafinsa shi ne jerin matakan, domin a nan hikimar take. Ba da dashen itace aka fara ba, ba kuma da fitilu da kujerun shaƙatawa ba. An fara da awo: ina ruwa ke shigowa, nawa ne, me ke cikinsa, wa ke da wace gona, ina iyakar ambaliya. Sannan aka tsayar da masu zubar da shara da masu haƙar ƙasa, aka kwashe kusan kubik mita dubu 500 na ɓaraguzai, aka daidaita gindin kwarin yadda ruwa zai gudu ba ya kwanciya ya ruɓe. Bayan wannan ne aka zo kan tsabtace ruwan, sa'an nan dashe, daga ƙarshe aka buɗe wa jama'a. Ko a wajen dashen ba a ɗauko baƙin itatuwa masu shan ruwa ba. An tattara irin itatuwan ƙaya da kurna da ciyayin da suka saba da ƙasar daga sassan kwarin da ba su lalace ba, aka rena su aka mayar. A 2010 aikin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine, abin da ya nuna cewa masana sun ɗauki gyaran rafi a matsayin gini mai daraja ɗaya da fada ko masallaci.

Wurin da ya fi cancanta ɗalibai su yini shi ne matatar ruwan da ke tsakiyar kwarin, ƙarƙashin manyan gadojin mota. Ba gini ba ne mai injuna da hayaƙi. Fili ne da aka yanka gida-gida har 134, kowane gida an kewaye shi da duwatsu an shimfiɗa masa tsakuwa. Ruwa na shigowa ta sama da duhunsa, ya zubo ta kan 'yan madatsai yana kumfa, ana hura masa iska ta bututai daga ƙasa, ya kutsa tsakanin duwatsun a hankali. Wanda ya tsuguna ya ɗago dutse ɗaya zai ji shi da santsi, lulluɓe da gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma su ne ma'aikatan wurin: suna cinye ƙazantar da ke cikin ruwan, ƙananan ƙwari su ci su, kifin karfasa ya ci ƙwarin, zalɓe da balbela su tsaya a bakin dutse suna jiran kifin. Kafin ruwan ya fita ta ƙasa warinsa ya tafi, ana hango tsakuwar gindinsa. A nan ɗalibi zai iya ɗibar ruwa a kwalba a mashiga da mafita, ya auna iskar da ke cikinsa da yawan ƙwayoyin cuta, ya ga bambancin da lissafinsa na kansa. Gani ya kori ji. Wajibi ne kuma malami ya ja masa kunne cewa irin wannan matata tana maganin ƙazantar da ke ruɓewa ne. Gubar ƙarfe daga masana'anta sai an tare ta tun daga bakin masana'antar.

Daga nan hanya ta miƙa kudu, ta wuce inda magudanar Baɗ'ha da ruwan matatar Manfuha ke haɗuwa da kwarin, har zuwa tafkunan Ha'ir, inda ruwa ya yi faɗi, kyauro ya yi duhu, tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai, Asiya da Afirka ke yada zango. Wani kaso na ruwan ana mai da shi gonaki. Amma shaidar da ta fi ƙarfi kan nasarar aikin ana ganinta ne bayan la'asar, musamman ranar Juma'a a lokacin sanyi. Iyalai kan zo su shimfiɗa darduma cikin 'yan zagayen dutse da aka gina domin kowane gida ya sami sirrinsa, a ɗora gahawa a fito da dabino, yara na guje-guje a bakin ruwa, in an kira magariba a yi sahu nan kan tsakuwa. Masu zanen sun yi la'akari da al'adar mutanen wurin ta son sutura, shi ya sa mutanen suka karɓi wurin. Rafin da magidanci ke kai iyalinsa shan iska, ba zai zuba ido a juye masa tifar shara a ciki ba. Mai gadi na albashi yakan yi barci, amma jama'ar da ta ɗauki wuri nata ba ta barin a ɓata shi.

Dalilin da ya sa na dage kan wannan kwari shi ne muna da irinsa a gida. Rafin Jakara ya ratsa tsohon birnin Kano yana kwasar ruwan kwatamin unguwanni, rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, suka haɗu suka gangara madatsar Wasai a Minjibir. A kudancin birnin, kogin Challawa na karɓar abin da majemun zamani da sauran masana'antun Sharaɗa da Challawa ke fitarwa. Da wannan ruwa 'yan lambu ke ban ruwan latas da kabeji da alayyahon da ke shiga kasuwanninmu. Kududdufan da suke shanye ruwan sama a cikin birni ana ta cike su ana gini, shi ya sa damina ke zama fargaba ga unguwanni da yawa. Abin da muka fi sabawa da shi shi ne a zuba wa rafi kankare, a rufe shi, a ɗora titi a kai. Wannan yana kawar da ƙazantar daga ido, amma yana tura ta gaba ga manomin da ke ƙasa. Riyad ta bi wata hanya: ta bar rafin a buɗe, ta tsabtace shi, ta mai da shi dukiya. Ɗalibin da ya san warin Jakara, in ya tsaya a bakin matatar Hanifa, zai gane cewa halin da rafin garinsu ke ciki ba ƙaddara ce da ba ta da magani ba.

Suka ta farko da za a yi mini a bayyane take: Saudiyya na da kuɗin fetur, mu kuwa jami'o'inmu ko sinadaran ɗakin gwaji na gagararsu, to mene ne amfanin nuna wa yaro abin da ƙasarsa ba za ta iya saya ba? Maganar na da nauyi, kuma gaskiya ne wasu sassan aikin sun fi ƙarfin aljihun jiha. Sai dai in aka rarrabe aikin gida-gida, za a ga cewa abubuwan da suka fi tasiri ba su ne suka fi tsada ba. Awon rafi da zana iyakar ambaliya aikin ɗaliban jami'a ne da malamansu. Hana zubar da shara da gini a hanyar ruwa doka ce da riƙon amana. Duwatsu da tsakuwa da gansakuka da karfasa duk muna da su, hasken rana da ɗumin da halittun nan ke buƙata kuwa har ya yi mana yawa. Abin da Riyad ta mallaka wanda muka rasa shi ne hukuma ɗaya da aka damƙa wa kwarin daga kai har gindi, aka bar ta shekara da shekaru tana bin tsari guda. A wurinmu rafi ɗaya yakan rabu tsakanin ma'aikatar muhalli, ta ruwa, ta tsara birane, hukumar raya kogi ta tarayya da ƙananan hukumomi, kowa na jiran wani, kuma in gwamnati ta sauya a watsar da tsarin a kama sabo. Gyara wannan ba ya buƙatar rijiyar mai ko ɗaya.

Suka ta biyu ta fi zafi: ƙasar da arzikinta ya dogara kan sayar da man da ke ɗumama duniya, wadda ke ƙona makamashi don ta sha ruwan teku, ta yaya za ta zama makarantar kare muhalli? Ban ga dalilin kare Saudiyya daga wannan tuhuma ba, kuma tafiyar karatu ba yawon yabo ba ce. Hasali ma shi ya sa ya kamata a keɓe yini guda a kai ɗalibai Kharj, wajen kilomita 80 kudu maso gabas da Riyad. A da garin ya shahara da manyan idanun ruwa, ramuka masu zurfi cike da ruwa da ake ban ruwan gonaki da su. Yau mai leƙawa zai ga dutse ne ya yi ƙasa, ruwan ya janye. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta riƙa sayen alkama a hannun manoma da farashi mai tsoka, aka haƙa rijiyoyin burtsatse ana zuƙo ruwan da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, wanda ruwan saman yau ba ya mayarwa. A 1992 ƙasar ta noma wajen tan miliyan 4 har tana sayarwa waje. A 2008 aka gane ba za ta ɓulle ba, aka fara janye tallafin sannu a hankali har aka rufe shirin a 2016. Ga mu nan kowane mai hali na haƙa burtsatse a gidansa ba tare da wani ya lissafa abin da ke ƙasa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da irin wannan ido ɗalibi zai dubi shirin kore birnin Riyad na 2019, mai burin dasa itace miliyan 7.5, da na ƙasa baki ɗaya na 2021 mai burin biliyan 10. Tambayarsa ita ce: wane irin itace, da wane ruwa, kuma nawa ne za su rayu bayan an daina ba su? Amsar hukumomin Riyad ita ce za a yi amfani da ruwan da aka tace aka sake juyawa, kuma aikin ɗalibi ne ya bi bututun ya gani.

Akwai wani ɓangaren da zai taɓa ɗalibin da ya fito daga gidan noma ko kiwo. Arewa da birnin, a Sumama, akwai cibiyar binciken namun daji ta Sarki Khalid, inda ake renon bareyi don mayar da su jeji. Kudu kuma, wajen Hauɗat Bani Tamim, akwai gandun da aka keɓe wa awakin dutse. Kafin waɗannan gandaye na zamani, Larabawa na da tsarin hima, wato filin da al'umma ke hana kiwo ko sara a cikinsa na wani lokaci don ya farfaɗo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabza. Da motoci da tankokin ruwa suka ba garkuna damar kaiwa ko'ina, tsarin ya raunana, makiyaya ta ƙare, yau ga shi ana kashe maƙudan kuɗi don dawo da abin da al'ada ke yi kyauta. Mu ma muna da hurumi da burtali da makiyaya, har Arewacin Najeriya ya yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma gonaki da gine-gine sun cinye mafi yawansu, kuma jinin da ke zuba tsakanin manoma da makiyaya na da alaƙa da wannan. Ɗalibin da ya ga tsadar maido da abin da aka sake, zai koma gida yana kallon ragowar hurumin ƙauyensu da wata daraja.

Suka ta uku ita ce ta fi kusa da zuciyata: me ya sa za a tsallake Maraɗi a tafi Riyad? Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin kututturan da ke tohowa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓuke su, abin da ake kira sassaben zamani, kudancin Nijar ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5, da wuƙa da gatari kawai, ba bututu ba injin. Gawo ya dawo gonakin gero yana ba su taki, yana ba dabbobi abinci da rani. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa ɗalibin da bai taka gonar Maraɗi ba, bai kamata a saya masa tikitin Riyad ba. Amma wuraren biyu tambayoyi daban-daban suke amsawa. Maraɗi na koyar da yadda ake raya gona da daji. Riyad na koyar da yadda babban birni zai yi da ruwan da ya ɓata. Garuruwanmu na girma da saurin da ya zarce na magudanansu, kuma sassaben zamani ba zai tsabtace Jakara ba. Ƙari a kan haka, wanda ya san aikin Maraɗi ba zai shiga Riyad hannu rabbana ba. Yana da abin faɗa wa masu burin itace biliyan 10, cewa itacen da ya toho daga tsohuwar saiwa ya fi dashe jure fari, kuma ba ya neman a ba shi ruwa.

Saboda haka sharuɗɗan tafiyar su ne za su sa ta yi albarka ko ta zama yawon buɗe ido da sayayya. A shirya ta tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da za a iya yini a fili. Kafin a tashi, kowane rukuni ya ɗauki rafi ko kududdufi ɗaya a garinsu, ya auna ruwansa, ya zana taswirar masu zuba masa ƙazanta da masu ci daga gare shi, domin wanda bai zo da tambaya ba ba ya komawa da amsa. A nemi haɗin gwiwa da Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda ke Riyad tun 1957, don ɗalibai su shiga ɗakin gwaji su zauna da takwarorinsu, su kuma sami ganawa da injiniyoyin da ke kula da kwarin da manoman dabinon da ke gaɓarsa. A zaɓi masu tafiya bisa aikin da suka gabatar, mata da maza, kada kujerun su zama rabon 'ya'yan wane da wane. In an dawo, rahoton kada ya ƙare a kabad ɗin shugaban sashe. A gabatar da shi gaban ma'aikatar muhalli, masu unguwanni da ƙungiyar 'yan lambu, da shawara guda da za a iya farawa da ita cikin shekara, ko da gyaran mita ɗari biyar ne na rafi da duwatsu da tsakuwa. Jami'ar da ba za ta iya cika waɗannan ba, gara ta kashe kuɗin wajen kai ɗalibanta Maraɗi da dausayin Haɗeja da Nguru. Wadda ta cika su kuwa, za ta dawo da matasan da suka san ta inda ake fara gyaran rafi, kuma irinsu ne ma'aikatunmu na ruwa da muhalli suke ƙishirwa a yau.